Gargaɗi Ga Jama'ar Rusairis Da Kewaye: Idan Baki Ya Karkace, Kada A Kwana Da Mara Lafiya A Gida

Jama'ar Rusairis da Damazin, da mazauna ƙauyukan bakin tafkin dam, da 'yan uwanmu na Wad al-Mahi, Singa da Mai Wurno har zuwa kanabin Jazira: Wannan gargaɗi ne a kan shanyewar ɓarin jiki, ciwon da likitoci a asibitocinmu ke kira jalɗa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyayensa da maƙwabtansa, domin sa'o'in farko na wannan ciwo a hannun mutanen gida suke, kuma a cikinsu ne ake yawan rasa mutum ko a cece shi.

Alamominsa a fili suke. Mutum yana zaune lafiya, sai gefen bakinsa ɗaya ya zube, yawu ya fara dalala. Ko kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, ya yi ƙoƙarin ɗauka hannun ya ƙi. Ko harshensa ya yi nauyi, maganarsa ta harɗe, ko ya riƙa kallonku bai gane abin da kuke faɗa ba. Wani ido ɗaya ne zai dushe farat ɗaya, wani jiri ne zai kayar da shi, wani kuma ciwon kai ne irin wanda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi. Ku ce masa ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu sama, ya faɗi cikakken sunansa. In ɗaya daga cikin ukun nan ta gagara, a dubi agogo, a riƙe lokacin a ka, a nemi raksha ko boksi ko duk abin hawan da ya samu, a nufi asibiti. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran babban wa ya dawo daga gona ya ba da izini.

Abin da ke faruwa a cikin kai ɗayan biyu ne: ko gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. Manomin Jazira ya san yadda gonarsa ta hawasha take yi idan magudanar ruwa ta Abu Ishrin ta toshe: wata shukar ta ƙone nan da nan, amma akwai mai yawa da ta yi yaushi kawai, wadda za ta farfaɗo in an buɗe ruwa da wuri, ta bi 'yar uwarta in an yi jinkiri. Wannan sashe mai yaushi likita yake tseren cetowa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Da zarar dattijo ya faɗi, sai gida ya cika. A tallabo kansa, wata ta kawo ruwa a kofi, wani ya ce a wanko rubutu, wata ta ce zuma da habbatussauda, wani ya matse masa kumatu don bakin ya buɗe a ɗura. Duk cikin ƙauna ake yi, babu mai nufin sharri. Amma kusan rabin waɗanda ciwon nan ya kama maƙogwaronsu ma ya shanye a kwanakin farko, ba sa iya haɗiya daidai. Abin da aka zuba sai ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, wani lokaci ko tari mara lafiyar ba zai yi ba balle a gane ya ƙware. Bayan kwana 2 ko 3 sai zazzaɓi ya taso, ƙirji ya fara kurari, a ce ai ciwon ne ya ci ƙarfinsa, alhali ciwon huhu ne da muka jawo masa da hannunmu. Saboda haka kada a sa masa komai a baki, ko ruwa, ko rubutu, ko ƙwaya, sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. A kwantar da shi a kan gefensa, a sassauta masa wuyan riga da rawani, a share masa yawu, in ya yi amai a juya fuskarsa ƙasa.

Ban ce a bar addu'a ba, kuma babu musulmin da zai ce haka. Malam ya shiga motar tare da ku, ya yi tofi a hanya, ya yi a bakin gadon asibiti. Addininmu ya umarce mu da neman magani. Abin da nake ƙi shi ne a ce iska ce ta buge shi a bakin kogi, a rufe shi a ɗaki da hayaƙin turare kwana uku, sai an ga abin ya ƙi ci sannan a tuna da asibiti. Haka nan kiran wanzami ya yi ƙaho a ƙeya, ko a yi masa sakiya a hannun da ya mutu, ko bin saƙon nan da ke yawo a WhatsApp wai a huda 'yan yatsu da allura jini ya ɗiga. Babu wani bincike da ya nuna huda yatsa yana buɗe jijiyar ƙwaƙwalwa. Lokaci kawai yake ci.

Akwai kuma kuskuren masu ɗan sani, wanda ya fi na jahili haɗari. Wani ya ji an ce asfirin na tsinka jini, sai ya ba mara lafiya tun a gida. Idan toshewa ce, asfirin na da amfani: manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 1997, a kan mutum kusan 40,000, sun nuna cewa ba da shi cikin kwana 2 na farko yana kuɓutar da kusan mutum 1 cikin kowane 100 daga mutuwa ko sake faɗuwa. To in fashewa ce fa? Sai ya ƙara wa jinin gudu. Da ido ba a bambance su, sai da hoton ƙwaƙwalwa. Kuma fashewar ba baƙuwa ba ce a jinsinmu. Binciken SIREN da aka yi a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka buga a 2018, ya samu cewa kusan 1 cikin 3 na masu ciwon jijiya ce ta fashe musu, adadin da ya zarce na ƙasashen Turai nesa. Wani kuma zai auna jini ya ga ya hau sosai, sai ya tura ƙwayar saukar da jini ƙarƙashin harshe. Faɗuwar jini gaba ɗaya a wannan hali tana iya ƙarasa kashe sashen da ke jiran ceto. A bar wa likita wannan hukunci.

Na san abin da wasu za su ce: "To Malam, in mun kai shi me za a yi masa? Maganin nan na manyan birane ne." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Allurar narkar da gudan jini, wadda gwajin Amurka na 1995 ya tabbatar da amfaninta cikin awa 3, sannan gwajin Turai na 2008 ya kai wa'adin zuwa awa 4 da rabi, tana da tsada kuma sai an yi hoto ake yinta. Aikin zaro gudan jinin ta cikin jijiya, wanda aka tabbatar a 2015, sai asibiti mai ƙwararru da na'urori. Amma kada wannan ya sa a naɗe hannu. Tun a ƙofar asibiti, ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai nuna ko suga ne ya faɗi, domin faɗuwar suga tana kwaikwayon shanyewar jiki tsaf, kuma ruwan gulukos na iya tayar da mutum cikin mintuna. A wannan yanki namu na sauro, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau su ma sai an kore su. Wanda aka ajiye a gida an hana shi duk wannan.

Sannan abin da bincike ya nuna ya fi ceton mutane da yawa aiki ne na jinya, ba na'ura mai tsada ba. A ƙasar Ostireliya, wata farfesar aikin jinya mai suna Sandy Middleton ta jagoranci gwaji a sassan jinyar masu shanyewar jiki 19, aka buga sakamakon a 2011. Abu uku kacal aka ɗora wa ma'aikatan jinya: su riƙa auna zafin jiki suna sauke zazzaɓi, su riƙa auna suga suna daidaita shi, kuma kada a ba mara lafiya komai sai an gwada haɗiyarsa. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka zama masu dogaro da wasu kashi 42 ne cikin 100 a inda aka bi tsarin, kashi 58 a inda ba a bi ba. Ma'aunin zafi, farasitamol, tsinken gwajin suga da cokalin ruwa a hannun wanda ya san aikinsa. Ga masu fashewar jijiya ma, gwajin INTERACT3 na 2023, wanda asibitocin Najeriya suka shiga tare da na Sin, Indiya, Pakistan da wasu ƙasashe, ya nuna cewa saukar da jini da wuri bisa ƙa'ida a asibiti, haɗe da kula da suga da zazzaɓi, yana rage mutuwa da nakasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin asibitin Rusairis ko na Damazin idan an wadata su da kayan aiki, kuma haƙƙinmu ne mu nemi hukumar lafiya ta jiha ta wadata su.

Idan za ku tafi, ku ɗauki duk ƙwayoyin da yake sha har da kwalayensu, kuma wanda ya ga faɗuwarsa da idonsa shi ne zai raka shi. Tambayar farko da likita zai yi ita ce yaushe aka gan shi lafiya a karo na ƙarshe. Mutanen ƙauyukan da laka ke datsewa da damina, ku shirya tun da rani: a san mai tarakta ko mai kwalekwalen da za a tasa ko da tsakar dare ne, a ajiye ɗan abin man fetur a hannun amintacce.

Akwai wani nau'i mai yaudara. Hannu ya mutu ko magana ta harɗe na minti 10 ko 20, sai komai ya dawo daidai, mutum ya ce alhamdu lillahi gajiya ce, ya koma kasuwa. Wannan ɗan aike ne, babban yana iya biyowa cikin kwanaki. Binciken da Peter Rothwell ya jagoranta a Okusfod ta Ingila, wanda aka buga a 2007, ya nuna cewa fara magani nan take bayan irin wannan alama yana rage haɗarin babbar faɗuwa cikin wata 3 da kusan kashi 80 cikin 100. Duk wanda haka ta same shi ya ga likita a ranar.

Tushen abin dai hawan jini ne, kuma a nan ne halin da muka shiga ya ƙara mana haɗari. Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Sudan ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ya samu kusan baligi 1 cikin 3 da hawan jini a ƙasar nan, a lokacin da asibitoci ke aiki ke nan. Daga baya rikicin Yuli da Oktoba na 2022 ya tashi dubban iyalai daga gidajensu a wannan jiha. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Wad Madani, inda mutanenmu ke zuwa ganin ƙwararrun likitoci, ta fita daga hannun gwamnati daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025, Singa kuma daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamba 2024, hanyar Damazin ta yanke, magani ya yi wuya ya yi tsada. Mutane da yawa sun gudu sun bar katin asibiti da ƙwayoyinsu a ɗaki. Ba laifinsu ba ne. Sai dai ga tarkon: wanda ya yi shekara bai sha maganin hawan jini ba, kuma bai ji ciwon kai ko jiri ba, sai ya ɗauka ya warke. Bai warke ba. Hawan jini yakan yi shekaru yana cin jijiya ba tare da ya yi ko tari ba, kuma a wurin mutane da yawa ranar da ya fara magana ita ce ranar da baki ya karkace. A binciken SIREN, shi ne ya ɗauki alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na faɗuwar da aka gani.

Baba, Inna, in an taɓa ɗora ku a kan ƙwayar hawan jini kuka bari saboda gudun hijira ko rashin kuɗi, ku je a sake auna ku cikin makon nan. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a lokuta dabam-dabam, a koma kan magani, kuma sha ne na kullum, ba sai ran da kai ya yi nauyi ba. Karkade, wato zoɓo, yana ɗan sauke jini, amma bai kai ya maye gurbin ƙwaya ba. Kada a ari ta maƙwabci. Da azumi a tambayi likita yadda za a mayar da lokacin shan zuwa sahur ko buɗa-baki. Masu ciwon zuciya da aka yi wa aikin bawul, ko masu bugun zuciya marar tsari da ke shan warfarin, barin maganinku ya fi na kowa haɗari.

Wannan aiki ba sai da babban likita ba. A ƙauyuka 326 na ƙasar Sin an horar da ƙananan ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa auna jini, su ba da ƙwaya bisa tsari, su bi mutane har gida. Mutum kusan 34,000 ne suka shiga, kuma sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kusan kashi 1 cikin 3 a shekara 3. Muna da mataimakan likita da ungozomomi a garuruwanmu da za su iya irin wannan. Masallacin da ya iya haɗa kuɗin lasifika da batir zai iya sayen na'urar awon jini.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Mu kuwa mutanen bakin ruwa ne: ga kifi mai gishiri irin fasikh da muluha, ga dunƙulen magi biyu uku a tukunya ɗaya, ga yajin agashe, ga kanwa a miya, sannan a kawo gishiri a gefe a barbaɗa. A jiƙa kifi mai gishiri a zubar da ruwan kafin a dafa, a rage dunƙule, a ɗauke gishirin barbaɗawa daga faifai. Binciken SIREN ya samu cewa masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira, don haka lalo, rama, zogale da yakuwa su yawaita a tukunya. Sigari da shisha a bar su, tumbak ɗin da ake cusawa a leɓe shi ma cike yake da nikotin mai tayar da jini.

Mata masu ciki da masu jego, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da ganin walƙiya a ido ba laulayi ba ne, a je a auna jini a ranar. Kakanni kuma su sassauta da kunun kanwa, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shansa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Yaro mai sikila ma jikinsa na iya shanyewa tun yana ɗan shekara 5 ko ƙasa. A Kano an gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220 da awo ya nuna suna cikin haɗari, aka buga a 2022 cewa ƙaramin awo ya yi aiki daidai da matsakaici, kuma 'yan kaɗan ne a cikinsu suka samu shanyewa. Iyayen irin waɗannan yara su tambayi likita a kanta.

Wanda Allah Ya tsawaita kwanansa aka sallamo shi, yanzu aikinku ya fara. Mafi yawan ƙarfin da zai dawo cikin wata 3 na farko yake dawowa, saboda haka barinsa a kan gadon angarib yana kallon rufin ɗaki asara ce babba. Gaggawa ma ba ta da kyau: gwajin AVERT na 2015, a kan mutum fiye da 2,000, ya nuna cewa tilasta wa mara lafiya yawan tashi tun cikin awa 24 na farko yana rage masa samun sauƙi. Abin da ya dace shi ne kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, bisa koyarwar ma'aikacin gashin ƙashi: zama a bakin gado, tsayuwa da madogara, taku biyu, ɗaukar carbi da hannun da ya mutu. In ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da duwawu da diddige, domin gyambon kwanciya daga ɗan ja yake farawa. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye don a tayar da shi, kafaɗar za ta goce ta bar shi da ciwon da zai hana shi motsa ta. Kada a gasa masa ƙafa da garwashi ko ruwan zafi, tunda ba ya jin zafi sai dai ku ga fata ta saluɓe. A ciyar da shi yana zaune tsaf, loma ƙanana, kada a kwantar da shi nan take bayan ya ci.

Amma kada hukuma ta fake da cewa Bahaushe ba ya yar da nasa, ta sakar wa iyali komai. A Indiya an koya wa 'yan uwa yadda za su yi wa mara lafiya atisaye a gida, aka gwada a kan mutum 1,250, sakamakon 2017 ya nuna bayan wata 6 ba su fi waɗanda ba a koya wa ba. Ƙaunar iyali ita kaɗai ba ta isa ba, ana bukatar ƙwararren da zai riƙa duba ci gaba yana sauya atisayen. Sarakunanmu da umdodi da kwamitocin unguwa su sa wannan cikin abin da suke nema wa jama'a, tare da na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki dare da rana da maganin hawan jini mai rahusa.

Wanda maganarsa ta ɗauke kuma bai haukace ba. Sau da yawa yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, kalmar ce ta ƙi fitowa. Kada a zauna gabansa ana lissafin gadonsa ko ana cewa ai Baba ya gama. A gaishe shi yadda aka saba, a shawarce shi a kan al'amuran gida, a ba shi lokaci ya amsa ko da da kai ne, a taimaka masa ya yi taimama ya yi sallarsa a zaune, a fito da shi inuwa cikin abokansa. Kusan 1 cikin 3 na masu wannan ciwo baƙin ciki mai tsanani yana kama su, kuma shi ma yana da magani in an gaya wa likita. Matar da ke jinyarsa dare da rana ita ma a karɓe ta ta huta.

Limamanmu, don Allah ku ware minti 5 a Juma'ar nan ku gaya wa jama'a alamomin nan uku, baki da hannu da magana, ku gaya musu kada a zuba wa mara lafiya komai a baki, a kai shi asibiti a sa'ar da abin ya faru. Malaman Islamiyya ku faɗa wa mata, domin su ne ke gida lokacin da ake faɗuwa. Kai kuma mai karatu, in ka haura shekara 30 ba ka san awon jininka ba, ka je a auna ka gobe, ka tafi da mahaifiyarka da mahaifinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.